Mai gyambon ciki da ke shan maganin tsinka jini: yaya za a hana jinin sake ɓallewa?

Ƙaramin Likita:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai matsalar da nake so a baje ta a faifai, domin kowa da yadda yake yi. A ɗauka dattijo ne ɗan shekara 74, zuciyarsa na bugawa ba bisa tsari ba, yana shan warfarin don kada gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa. An sa masa sitent, wato ɗan bututun da ke riƙe jijiya a buɗe, a jijiyar zuciya shekara uku da suka wuce, tun lokacin yake shan asfirin miligiram 75 kullum. Ya zo da baƙin bahaya da jiri, himogulobin, wato ma'aunin yawan jini, ya sauka zuwa 7.4. An shiga cikinsa da kyamara ta baki, an tarar da gyambo a bakin ƙaramin hanji da jijiya a fili, an maƙale ta da kilif, wato ɗan matsefin ƙarfe, jini ya tsaya. To daga nan fa? A mayar masa da magungunan biyu? Yaushe? Kuma me zai hana a sake kawo shi bayan wata biyu?

Likitan Ciki:
Wa alaikumus salam. Ka fara raba lokacin gida biyu. Akwai kwana uku na farko, akwai sauran rayuwarsa, kuma abin da ake tsoro a cikinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi yawan jinin da ke sake ɓallewa da wuri cikin awa 72 yake yi. Gudan jinin da ya toshe bakin jijiyar ba ya jure asid, narkewa yake yi, shi ya sa ake danne asid ɗin da ƙarfi. A ba shi maganin asid, pantoprazole ko esomeprazole, miligiram 80 ta jijiya a tashi ɗaya, sannan miligiram 8 kowace awa har awa 72. In babu na'urar ɗiga magani, miligiram 40 sau biyu zuwa huɗu a rana bayan allurar farko ya wadatar. Daga nan ƙwaya sau biyu a rana har kwana 14, sai a koma sau ɗaya. Ka kuma karanta rahoton kyamarar da kyau. In allurar adrenaline kaɗai aka yi a gefen gyambon ba a haɗa da kilif ko ƙonawa ba, aikin bai kammala ba, domin adrenaline matse jijiya take yi na ɗan lokaci sannan ta sake ta.

Amma amsar tambayarka ta ƙarshe ba a dakatar da warfarin take ba. Warfarin ba ya huda ciki. Wani abu ne ya yi gyambon, warfarin ya hana jininsa tsayawa. Abin da ya yi gyambon kusan kullum ɗayan biyu ne: ƙwayar cutar H. pylori, ko asfirin da danginsa na maganin ciwon jiki. Muddin ba a taɓa waɗannan ba, ranar da aka mayar da warfarin an koma inda aka tashi.

Likitar Jini:
Kafin a yi nisa, 7.4 ɗin nan. Ga mai zubar jinin ciki ana jira himogulobin ya sauka ƙasa da 7 kafin ƙarin jini, kuma binciken da aka yi a Basalona a 2013 ya nuna waɗanda aka taƙaita wa ƙarin jinin sun fi tsira da rai. Sai dai mai ciwon jijiyar zuciya ma'auninsa 8 ne. Wannan dattijon a ƙara masa leda ɗaya a sake aunawa, kada a ɗura masa uku a jere.

Likitan Zuciya:
Ni tambayar da zan fara yi, me asfirin yake yi a jikin mutumin nan har yanzu? Sitent ya shekara uku, ba ciwon ƙirji, yana kan warfarin. Bayan shekara ɗaya da sa sitent, maganin hana daskarewar jini shi kaɗai ya isa ga yawancin irinsa. Binciken AFIRE na Japan a 2019 ya kwatanta rivaroxaban, wani maganin hana daskarewar jini, shi kaɗai da rivaroxaban tare da maganin filatilet (ƙwayoyin jinin da ke haɗuwa su toshe rauni) irin asfirin a masu irin wannan hali, sai aka ga na farkon ya fi ƙarancin zubar jini kuma bai gaza wajen kare zuciya ba. Don haka asfirin ya tafi gaba ɗaya. Akwai 'yan kaɗan da muke bar wa, kamar wanda sitent ɗinsa ya taɓa toshewa, amma wannan hukunci ne da likitan zuciya zai rubuta da dalilinsa. Abin da ya fi yawa shi ne an rubuta asfirin ranar sallama, babu wanda ya sake waiwayarsa.

Haka wanda bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, yana shan asfirin wai don rigakafi. In ya yi jinin ciki a cire masa, kada a mayar.

Likitan Iyali:
Ranka ya daɗe, to wanda asfirin kaɗai yake sha kuma yana buƙatarsa da gaske fa, misali ya taɓa samun bugun zuciya? Ni a ganina canza shi zuwa clopidogrel, wani maganin filatilet, ya fi aminci, tunda shi ba ya cin bangon ciki.

Likitan Ciki:
Malam, wannan tunanin ya daɗe yana yawo, kuma an gwada shi. A Hong Kong a 2005 an ɗauki mutum 320 da suka yi jinin gyambo suna shan asfirin. Rabi aka mayar da su clopidogrel shi kaɗai, rabi aka bar su kan asfirin miligiram 80 tare da esomeprazole miligiram 20 safe da yamma. Cikin shekara guda, kashi 8.6 cikin ɗari na masu clopidogrel sun sake zubar da jini, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 0.7. Clopidogrel ba ya ƙona ciki kai tsaye, gaskiya ne, amma filatilet na cikin abin da ke warkar da rauni, in ka kashe aikinsu tsohon gyambo ya fi saurin buɗewa. Asfirin tare da maganin asid ya fi.

Kuma asfirin mai rufi, wanda ake cewa sai a hanji yake narkewa, ba kariya ba ne. Ta cikin jini asfirin ke hana jiki yin furostagilandin, sinadarin da ke sa bangon ciki fitar da majina mai kare shi. Ta ko'ina ya shiga, illar ɗaya ce.

Likitan Zuciya:
Bari in ɗora a kan maganar mai asfirin kaɗai, domin a nan ake rasa rayuka. A 2010 an fitar da wani bincike, shi ma daga Hong Kong, na mutum 156 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Bayan an tsayar da jinin da kyamara, rabi suka ci gaba da asfirin nan take, rabi aka hana su na mako takwas. Waɗanda suka ci gaba sun fi sake zubar da jini, kashi 10.3 a kan 5.4. Amma mutuwa kashi 1.3 ce a cikinsu, a waɗanda aka hana kuwa 12.9. Binciken ƙarami ne, na yarda, sai dai saƙonsa bai canza ba har yau: jinin ciki ana iya komawa a sake tsayar da shi, zuciyar da ta toshe ba a cika samun dama ta biyu ba. Saboda haka mai buƙatar asfirin ko dai kada a tsayar masa sam, ko a mayar cikin kwana uku zuwa biyar.

Mai sabon sitent da ke shan biyu, asfirin da clopidogrel ko ticagrelor, kada a kuskura a cire duka lokaci guda. A bar asfirin, a ɗaga na biyun, a mayar da shi cikin kwana biyar, kuma a kira mu tun ranar farko.

Ƙaramin Likita:
Na gane batun asfirin. Saura warfarin ɗin dattijon. Rana ta nawa?

Likitan Zuciya:
Wajen rana ta bakwai.

Likitan Ciki:
Likita, ban ƙi bakwai ba, amma kada ta zama doka ga kowa. Gyambo ba iri ɗaya ba ne. Wanda gindinsa fari tas ne, babu jijiya babu gudan jini, haɗarinsa kaɗan ne, ana iya mayarwa da wuri. Wanda ya kai santimita biyu, ko yake bangon baya na bakin ƙaramin hanji inda babbar jijiya ke ratsawa, ko aka same shi yana tsartuwa, ni zan nemi kwana goma zuwa sha huɗu in zuciya za ta ba da dama. Wanda ya shiga da kyamarar shi ya ga gyambon, ya kamata ya rubuta ra'ayinsa a rahoto, ba ya bar wa wanda bai gani ba ya yi ta kirdado.

Likitan Zuciya:
Na yarda, da sharaɗin a duba wa ake jinkirta wa. Mai bugun zuciya marar tsari kawai, haɗarinsa na shanyewar jiki a cikin mako guda ƙarami ne, zai iya jiran kwanakin da ka ce. Amma akwai waɗanda ba su da wannan sararin: mai bawul na ƙarfe, wato ƙofar zuciya da aka sauya da ta ƙarfe, musamman na mitral da ke ɓangaren hagu, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki cikin wata uku da suka wuce, da wanda gudan jini ya toshe masa huhu ko jijiyar ƙafa cikin wata ukun. Waɗannan ana fara musu heparin, maganin tsinka jini na allura, ta jijiya bayan awa 48 zuwa 72 in jini ya tsaya, ba tare da babbar allurar farko ba. Dalilin zaɓen ta jijiya shi ne in jini ya dawo ana kashe ta, cikin 'yan awanni ta bar jiki, ga kuma protamine mai karya ta.

Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a wuce mako biyu ba dalili. Binciken da aka bi marasa lafiya bayan jinin ciki ya sha nuna cewa waɗanda aka mayar wa maganin sun fi waɗanda aka bari haka ƙarancin toshewar jijiya da mutuwa.

Likitar Jini:
Abu biyu kan ranar. Warfarin in ka fara yau, sai bayan kwana huɗu zuwa biyar yake kama jiki sosai. Sababbin magungunan tsinka jini, apixaban da rivaroxaban da dabigatran, cikin awa ɗaya zuwa huɗu suke kai ƙarfinsu. Don haka rana ta bakwai ta warfarin daban take da rana ta bakwai ta waɗannan. Na biyu, in an ba shi bitamin K miligiram 10 don karya warfarin lokacin da ya zo, kada a yi mamaki in INR, wato awon yadda warfarin ya tsinka jini, ya ƙi tashi har kusan mako guda. Kuskuren da ake yi shi ne a yi ta ƙara warfarin don a tilasta shi, sai bitamin ɗin ya ƙare INR ya yi tsalle ya wuce 5 a kan gyambon da bai gama warkewa ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Tunda an zo nan, me zai hana a raba shi da warfarin baki ɗaya? In ba shi da bawul na ƙarfe kuma bawul ɗin mitral bai tsuke ba, apixaban ya fi dacewa da mai tarihin gyambo. A manyan binciken da aka kwatanta su da warfarin, dabigatran miligiram 150 da rivaroxaban da edoxaban miligiram 60 duk sun fi shi jawo jinin ciki, apixaban ne bai fi shi ba. Dabigatran ma yana da ƙarin matsalar ƙwannafi saboda asid ɗin da ke cikin kafso ɗinsa. Ana fara apixaban ne idan INR ya sauka ƙasa da 2.

Likitan Zuciya:
Haka ne Malam, amma a jaddada sharaɗin nan naka. Mai bawul na ƙarfe warfarin ne kawai nasa. An gwada dabigatran a kansu, aka tsayar da binciken saboda toshewa da zubar jini duk sun ƙaru. Mai tsukewar bawul ta dalilin zazzaɓin rumatik shi ma, binciken INVICTUS na 2022 ya nuna warfarin ya fi rivaroxaban tsare rai. A yi hoton zuciya kafin a canza.

Likitan Iyali:
To a ba shi apixaban 2.5 maimakon 5 mana, ko in warfarin ne a riƙe INR tsakanin 1.5 da 2. Ai rabin kariya ya fi babu.

Likitar Jini:
A'a ɗan'uwa, wannan hanya ce da ke kwantar wa likita hankali ta bar marar lafiya a fili. Apixaban 2.5 sau biyu a rana na wanda ya cika biyu cikin uku ne: shekara 80 ko fiye, nauyi kilo 60 ko ƙasa, kiriyatinin, wato awon aikin ƙoda, 1.5 ko sama. Wanda bai cika ba in ka rage masa, kariyar ƙwaƙwalwa ka rage, ba kuma tare da tabbacin jinin ciki ya ragu ba. INR shi ma da ya sauka ƙasa da 2 haɗarin shanyewar jiki ke hawa da sauri. A bar shi tsakanin 2 da 3, ko 2.5 zuwa 3.5 ga bawul ɗin mitral na ƙarfe. Abin da za a gyara shi ne yawan tsallake iyakar sama, ba a sauke iyakar ƙasa ba.

Inda rage adadi ke da muhimmanci shi ne ƙoda. Rivaroxaban miligiram 20 na komawa 15 idan tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da mililita 50 a minti. Dabigatran kusan kashi 80 cikin ɗari ta ƙoda yake fita, dattijon da ya yi gudawa ko ya bushe, maganin taruwa yake yi a jikinsa. A auna ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, tsofaffi da masu raunin ƙoda duk wata uku zuwa shida, da duk lokacin da suka kwanta rashin lafiya.

Likitan Ciki:
Mu koma kan H. pylori, domin nan ne aka fi yin sakaci. Tun da Barry Marshall da Robin Warren suka gano ta a Ostareliya a farkon shekarun 1980 aka san kashe ta na hana gyambo dawowa, amma har yanzu ana sallamar mai jinin gyambo ba a nema ba, ko a nema sau ɗaya a ce babu.

Gwajin da aka yi lokacin da ciki ke cike da jini, ga maganin asid mai ƙarfi a jijiya, yana yawan cewa babu alhali akwai. In ya ce akwai, ka yarda ka yi magani. In ya ce babu, kada ka yarda, a maimaita bayan mako huɗu zuwa takwas da gwajin numfashi ko na bahaya. Gwajin jini kuwa tarihi kawai yake nunawa, yana iya zama akwai shekaru bayan ƙwayar ta mutu, ba ya tabbatar da warkewa.

Magani kwana 14 ne. Wanda aka fi dogara da shi yanzu haɗin huɗu ne: maganin asid sau biyu a rana, bismuth sau huɗu, tetracycline miligiram 500 sau huɗu, metronidazole miligiram 500 sau uku ko huɗu. Tsohon haɗin uku mai clarithromycin da amoxicillin ya raunana a duk inda bijirewar ƙwayar ta wuce kashi 15 cikin ɗari. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu, dole a sake gwaji a tabbatar ta mutu.

Mai Harhaɗa Magani:
Likita, a nan nake so a tsaya, domin kwana 14 ɗin nan su kansu na iya jawo jinin da ake gudu.

Metronidazole na hana hanta narkar da warfarin. INR da ke 2.5 na iya wuce 6 cikin mako. Clarithromycin da levofloxacin su ma suna ɗaga shi. In dole ne a haɗa, a auna INR a rana ta uku zuwa ta biyar, a ci gaba duk bayan kwana uku ko huɗu. Wasu na rage warfarin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku tun ranar farko. Sannan abin da ake mantawa: bayan an gama maganin ƙwayar, hanta ta dawo aiki, INR zai faɗi in ba a mayar da tsohon adadi ba. A sake aunawa mako guda bayan gamawa.

Clarithromycin shi ne babban mai rikici. Yana ɗaga apixaban da rivaroxaban da dabigatran a jini, ba a haɗa shi da ticagrelor, ba a haɗa shi da simvastatin mai rage kitsen jini, kuma tare da colchicine na ciwon gaɓoɓi yana iya kisa, musamman ga mai raunin ƙoda. Mai ciwon zuciya da wuya ka same shi ba ya shan ɗaya daga cikinsu. Ga wanda ke kan apixaban, haɗin huɗu mai bismuth ya fi sauƙin sha'ani. A nemi bismuth subcitrate in akwai, domin subsalicylate ɗan'uwan asfirin ne ke cikinsa. Akwai kuma haɗin biyu, amoxicillin giram ɗaya sau uku a rana da vonoprazan miligiram 20 sau biyu, inda ake samunsa.

Tetracycline kuma ba ta shiri da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko kalsiyam, ko farin ruwan maganin ƙwannafi. Suna kama ta a hanji ta fita ba ta yi aiki ba. Ko a raba su da awa biyu zuwa uku, ko a jinkirta ƙwayar ƙarfen har a gama kwana 14.

Ƙaramin Likita:
Ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Ana cewa a tsayar da maganin asid mako biyu kafin gwajin tabbatarwa. Yaya za a tsayar wa wanda ke kan maganin tsinka jini?

Likitan Ciki:
Tambaya mai kyau. A jira gyambon ya warke tukuna, wato bayan mako takwas. Sai a musanya masa da famotidine, wani nau'in maganin asid na daban, na mako biyun, domin shi bai cika ɓata gwajin ba, a ɗaga shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Da an ɗauki gwajin a koma kan maganin asid a ranar. In gyambon a tumbi yake, ba a bakin hanji ba, dama za a sake shiga da kyamara bayan mako takwas zuwa sha biyu don a ga ya rufe kuma a tabbatar ba daji ba ne, sai a tsinko nama a gwada ƙwayar a lokacin.

Likitan Iyali:
In an tabbatar ƙwayar ta mutu, sai a daina maganin asid ke nan? Mutane na tsoron shan sa shekara da shekaru, ana ta maganar ƙoda da ƙashi.

Likitan Ciki:
Ga wanda ba ya shan komai mai tsinka jini, e, a daina. Ga wanda muke magana a kansa, a'a. An gwada wannan ma a 2002: masu shan asfirin da aka kashe musu ƙwayar, rabi aka ba su lansoprazole, rabi ba a ba su ba. Cikin shekara, matsalar gyambo ta dawo wa kashi 1.6 na masu sha, da kashi 14.8 na marasa sha. Da yawa daga waɗanda ta dawo wa, ƙwayar ce ba ta mutu ba ko sun koma shan maganin ciwon jiki, wanda shi ma darasi ne. Ga mai warfarin ko apixaban kaɗai hujjar ba ta kai ta asfirin ƙarfi ba, amma wanda ya riga ya zubar da jini sau ɗaya, ni ba zan cire masa ba muddin yana kan maganin.

Batun tsoro kuwa, a cikin binciken COMPASS an ba mutum sama da 17,000 pantoprazole ko ƙwayar da ba magani a cikinta na kusan shekara uku. Abin da ya fito fili shi ne ɗan ƙarin cututtukan hanji masu sa gudawa. A riƙa duba magnesiyam ga masu shan maganin fitsari ko digoxin, da bitamin B12 bayan 'yan shekaru. Wannan bai kai nauyin jinin da zai iya kashe mutum a dare ɗaya ba.

Akwai kuma gyambon da ba H. pylori ba asfirin, an nema an rasa dalili. Shi ne mafi naci, ya fi kowanne dawowa. Mai shi ba ya rabuwa da maganin asid, kuma a auna masa gastrin, sinadarin da ke sa ciki fitar da asid.

Mai Harhaɗa Magani:
Sai dai wane maganin asid. Mai clopidogrel kada a ba shi omeprazole ko esomeprazole. Clopidogrel sai hanta ta juya shi yake aiki, su kuma suna toshe hanyar. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2009.

Likitan Zuciya:
Gargaɗin na nan, amma kada a kambama shi. Binciken COGENT na 2010 ya haɗa omeprazole da clopidogrel, matsalar ciki ta sauka daga kashi 2.9 zuwa 1.1 cikin wata shida, kuma matsalar zuciya ba ta ƙaru ba. In akwai pantoprazole miligiram 40 a ba shi, an huta da gardama. In omeprazole kaɗai ke akwai, ni na fi son ya sha shi a kan ya zauna ba kariya.

Mai Harhaɗa Magani:
A kan wannan ba mu saɓa ba, Likita.

Sista Mai Jinya:
Allah ya ƙara basira. Duk abin da kuka faɗa a takardar sallama yake tsayawa ko ya rushe. "A dakatar da warfarin sai an ga likita" ita ce jimlar da ta fi cutarwa, domin ranar ganin likita na iya zama bayan wata biyu, wani ma ba ya dawowa sai da shanyewar jiki. A rubuta kwanan wata: ran kaza za ka fara, ƙwaya kaza, ran kaza za a auna INR. A rubuta cewa asfirin an cire shi har abada, a kuma ce wa iyali su fitar da ragowar daga cikin magungunansa. A rubuta cewa maganin asid ba na mako takwas ba ne kawai, in ba haka ba ranar da kwalin ya ƙare ya ƙare ke nan.

A nuna masa lokacin sha: minti 30 zuwa 60 kafin abincin safe. Da yawa na sha bayan sun ci, ko sai sun ji zafi, maganin kuwa yana kama famfunan asid ne lokacin da abinci ya tashe su.

Sai maganin ciwon jiki. In ka tambayi dattijo ko yana shan wani magani zai ce a'a, domin na ciwon gwiwa ba ya lissafa shi. A kira sunayen ɗaya bayan ɗaya: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen, meloxicam. A duba bayan kwali, akwai ƙwayoyin da ke haɗe da farasitamol da ɗayan waɗannan, akwai na mura masu asfirin a ciki. Allurar diclofenac da wanda ake sawa ta dubura duk illarsu ɗaya da ta ƙwaya. Na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, ya fi dama ga gwiwa ɗaya ko biyu. Taba da giya kuma suna hana gyambo rufewa.

Likitar Jini:
Sista ta taɓo wajen. Farasitamol shi ne zaɓi, kada dattijo ya wuce giram uku a rana, kuma mai warfarin da ke shan giram biyu ko fiye kullum na kwanaki a jere, INR ɗinsa na iya hawa, a auna. A duba magungunan damuwa irin fluoxetine da sertraline, suna raunana filatilet. Ba a yanke su kwatsam, amma a tattauna da wanda ya rubuta ko mirtazapine zai maye gurbi. Prednisolone tare da maganin ciwon jiki shi ma ninka haɗari yake yi.

Kada kuma a sallame shi da ƙarancin jini a ce zai cike da kansa. Ferrous sulfate miligiram 200 sau ɗaya a rana, ko rana bayan rana in yana damun ciki. Himogulobin ya kamata ya hau da kusan 2 cikin mako uku zuwa huɗu, a ci gaba wata uku bayan ya daidaita. In bai hau ba, ko ba ya sha, ko jini na ɗiga a ɓoye. Maganin asid na rage shigar ƙarfe ta hanji, don haka wasu sai an ba su ta jijiya.

Sista Mai Jinya:
Kuma a gaya masa ƙwayar ƙarfe da bismuth duk suna baƙanta bahaya, don kada ya firgita, kada kuma ya saki jiki. Na ƙarfe busasshe ne, baƙi mai ɗan kore. Na jini mai danƙo ne da sheƙi kamar kwalta, da wari mai tsanani, sau da yawa tare da jiri in ya miƙe ko bugun zuciya da sauri. In ya yi shakka ya zo a auna jini a ranar, kada ya sha ƙwayar tsinka jini ta gaba sai an duba shi. Masu shan waɗannan magunguna da tsofaffi sukan zubar da jini ba tare da ciwon ciki ko kaɗan ba, rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne.

Ƙaramin Likita:
Na gode ƙwarai, manyanmu. In duk an yi wannan kuma ya sake zubarwa fa?

Likitan Ciki:
A sake shiga da kyamara, ba a tsallaka zuwa tiyata kai tsaye. Akwai babban kilif da ake ɗorawa a bakin kyamarar, yana kama gyambo mai tauri da ƙananan suka kasa. In hakan ya gaza sai toshe jijiyar ta hanyar bututun da ake zurawa ta cinya, sannan tiyata. Tranexamic acid, maganin tsayar da jini, ba ya cikin lissafi, binciken HALT-IT na 2020 ya nuna bai rage mutuwa ba kuma ya ƙara gudajin jini a jijiyoyi. Bayan an tsayar, a koma a bincika da gaske: ƙwayar ta mutu kuwa, yana shan maganin asid ɗin, akwai maganin ciwon jiki a ɓoye, nawa INR ko aikin ƙoda yake ranar da ya zo. Kusan kullum amsar na cikin ɗayan waɗannan.

Likitan Zuciya:
In an duba duka ba a sami gyara ba, kuma dalilin maganin bugun zuciya marar tsari ne kawai, akwai toshe 'yar jakar da ke gefen ɗakin zuciya na hagu, inda yawancin gudajin ke taruwa, da na'ura irin Watchman. Sai dai a sani bayan an sa ta ana buƙatar maganin tsinka jini ko na filatilet na makonni zuwa watanni kafin nama ya rufe ta, don haka sai gyambon ya warke ake tsara aikin. Mai bawul na ƙarfe ba ta yi masa amfani, shi kam sai a matsa awon INR zuwa kowane mako har ya zauna.